Na sa rula na auna logon shagona na ga komai a karkace, an cuce ni ne ko haka ake yi?

Tambayar da aka turo: "Assalamu alaikum. Na buɗe shagon sayar da waya da gyara, sai na ba wani yaro aikin logo da allon shago. Da ya turo na buɗe a kwamfuta na auna, sai na ga alwatikan da ya sa a cikin da'ira ba ya tsakiya, ya matsa dama, harafin O na sunan shagon ya leƙo sama da ƙasa ya wuce sauran, tazarar da ke tsakanin haruffa ma ba ɗaya ba ce. Na masa magana ya ce wai da gangan ya yi. Sannan wani abokina ya ce manyan kamfanoni suna ɓoye abubuwa a logo da talla don su juya tunanin mutum ya saya. Ina gaskiyar lamarin?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Indai abubuwa ukun nan ne kaɗai laifin yaron to ba a cuce ka ba, hasali ma ka riƙe shi da kyau, don su ne ainihin abin da mu ke dubawa a wannan sana'ar in za mu gane ko mutum ya iya dizain ko kuwa danna maɓallin daidaita tsakiya kawai ya iya a CorelDraw, manhajar zane ta kwamfuta. Akwai wuraren da ake cutar masu shago sosai, zan zo kansu can ƙasa, amma ba nan ba ne.

Matsalar ita ce kai da rula ka auna, shi kuma kwastoman da zai wuce ta gaban shagonka a kan babur da ido zai auna, kuma ido ba ya ƙirga milimita, nauyin abu yake ji, wato ina baƙin ya taru, ina farin ya yi yawa. In rula da ido suka saɓa a wannan aikin ido ake bi.

Mu fara da alwatikan tunda shi ya fi tsaya maka a rai. Ɗauki alwatika mai kallon dama irin alamar kunna bidiyo ta YouTube, a ce faɗinsa daga bayansa zuwa tsininsa milimita 60 ne. Kwamfuta in ka ce ta sa shi a tsakiya, wani akwati take zanawa a kewayensa wanda ba ka gani, sai ta raba akwatin biyu, ta ce tsakiya na kan 30. To amma naman alwatikan duk yana baya ne, gaban ai tsini ne kawai ba komai a cikinsa, cibiyar nauyinsa tana kan kashi ɗaya cikin uku daga bayan, wato kan 20 ba 30 ba. Kaga kenan in ka bi kwamfuta, nauyin ya koma hagu da milimita 10 cur, duk wanda ya kalla zai ji kamar abin ya zame baya ko da bai san me ke damunsa ba. Shi ya sa ake tura shi dama. Ga yadda za ka gwada aikin yaronka: kar ka auna daga bayan alwatikan, auna daga kowace kusurwa cikin ukun zuwa bakin da'irar, in gefunan alwatikan daidai suke za ka tarar tazarar nan uku kusan ɗaya ce. In haka ka gani to ya san abin da yake yi.

Harafin O kuma wannan ba ma shi ya ƙirƙira ba, a cikin salon haruffan yake tun daga wanda ya zana su. Buɗe duk rubutun da ka ga dama a kwamfutarka, rubuta HOH da manyan baƙi, ka ƙara girman har ya cika sikirin, za ka ga O ta ɗan haura layin sama ta kuma ɗan nutse ƙasa da layin da H ke tsaye a kai. Haka C da S da G da U ta ƙasa, haka tsinin A a wasu salon. Yawanci kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na tsayin harafin ne. Dalili, H tana taɓa layin da ƙafa mai faɗi, ita kuwa O a ɗigo ɗaya tak take taɓa shi sannan ta lanƙwashe ta gudu, to in ka yi su tsayi ɗaya cif sai O ta zama kamar ƙaramar ƙanwa a cikin kalmar. Lissafin ma a fili yake, da'irar da faɗinta ya yi daidai da na murabba'i kashi 78 da rabi cikin ɗari kawai take ci na filin murabba'in, sauran duk ya tafi a kusurwoyi huɗun da ba ta da su. Shi ya sa in za a jera alamar da'ira kusa da ta murabba'i, misali alamomin da ake sawa a ƙasan fosta, sai an ɗan ƙara wa mai da'irar girma kafin su yi kama da sa'o'in juna.

Kuma ba nan abin ya tsaya ba. Juya wayarka ƙasa ta koma sama ka kalli S ko B ko lamba 8, za ka ga kai ya zama ƙato, don tun asali rabin sama an yi shi ƙarami, sandar tsakiyar E da H ma tana ɗan sama da tsakiya, saboda abin da ke tsakiya cif ido ganinsa yake kamar ya zazzago. Layin kwance kuma yana fin na tsaye kauri a ido ko da kaurinsu ɗaya, don haka ake rage masa. Ko salon haruffan Futura da Bajamushe Paul Renner ya fitar a 1927, wanda kowa ke ɗauka da kamfas da rula zalla aka yi shi, in ka auna shi za ka samu irin waɗannan gyare-gyaren a ɓoye.

Google ma sun sha irin tuhumar da ka yi wa yaron nan. A 2015 suka canza logo suka fito da G ɗin nan mai kala huɗu, daga baya wasu a intanet suka ɗora cikakkiyar da'ira a kanta suka ga ba ta hau ba, gefen dama ya ɗan shige ciki, yankan kalolin ma ba a kan layi ɗaya suke ba, aka yi ta tsokana wai kamfani mai wannan kuɗin ya kasa zana da'ira. Wasu har suka "gyara" ta suka watsa. In ka ga gyararriyar kusa da ta asali za ka gane, gyararriyar kamar za ta faɗi take, don G tana da baki a buɗe da sanda a ciki, in ba ka janyo wannan gefen ba sai ta yi kamar ta kumbura. Wannan ilimin tsoho ne sosai, Girkawan da suka gina ɗakin bautar nan Parthenon a Atina wajen shekara 440 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) daɓen ginin ma ba su yi shi a miƙe ba, ya ɗan yi tozo a tsakiya, ginshiƙan suna da ɗan ciki, na kusurwa kuma sun ɗan fi sauran kauri.

Tazarar haruffa kuwa, tunda waya kake sayarwa ga misali a hannunka. Rubuta WAYA da manyan baƙi, ka sa tazara ɗaya tsakanin ƙarshen kowane harafi da farkon na gaba. Abin da za ka gani shi ne W A Y A kowa ya kama gabansa, saboda W da Y sun buɗe ta sama sun tsuke ta ƙasa, A kuma akasin haka, sai wani farin fili a karkace ya buɗe a tsakaninsu. Yanzu rubuta MINTI da wannan tazarar, za ka ga M da I da N sun matse kamar an ɗaure su. Abin da mai dizain ke daidaitawa shi ne yawan farin da ke tsakanin haruffa ba nisan gefe da gefe ba, don haka A sai ta shige ƙarƙashin hannun Y, M da I kuma a ɗan raba su. A ƙaramin rubutu ba kowa zai lura ba, amma a allon shago da harafi ya kai tsayin hannu, wallahi daga tsallaken titi ake hango wannan ramin. Tsofaffin masu rubutun allo da fenti da buroshi, irin masu rubuta bayan manyan motoci, da ido suke wannan kuma da yawansu sun fi yaran kwamfuta na yanzu iya shi, don su ba su da maɓallin da zai yi musu ƙarya.

Sai kala, wadda ba ka tambaya ba amma nan ne rigimarka ta gaba za ta taso, ranar da aka buga allon ka ce ba wannan kalar ka zaɓa ba. Wani sashe laifin inji ne, sikirin da haske yake haɗa kala, firinta kuma da tawada huɗu, akwai shuɗi da kore masu ƙyalli da kake gani a waya waɗanda tawada ba za ta taɓa fitar da su ba. Amma wani sashen idonka ne. A Faransa akwai wani masanin sinadarai Michel Chevreul da aka ba shugabancin sashen rini a masaƙar Gobelins ta Paris a 1824, masaƙa suna ta ƙorafi cewa baƙin zaren da ake rina musu ba ya baƙi sosai, ya bincika ya ga rinin lafiyarsa ƙalau, kalar da ke maƙwabtaka da baƙin ce ke canza yadda ake ganinsa, ya fitar da bayanin a 1839 kuma har yau shi ake koyarwa. Duk telan da ke aikin wuya ya san wannan ko bai taɓa jin sunan mutumin ba, zare ɗaya ne zai yi haske a kan shadda mai duhu ya kuma mutu murus a kan fara, shi ya sa ba ya zaɓar zare sai ya ɗora shi a kan yadin. Toka-toka a kan ja sai ya ɗauko kore-kore, a kan shuɗi ya ɗauko ɗorawa. Fari a kan baƙi kuma kumbura yake, rubutu fari a baƙin fili ya fi kauri a ido fiye da baƙi a farin fili ko da girmansu ɗaya, don haka ƙwararre yakan ba ka logo iri biyu, na farin fili da na baƙin fili wanda aka ɗan rage wa kauri. Kuma don Allah kar ka yarda a sa maka jan rubutu a kan shuɗi ko a kan kore, na farko rawa yake a ido, na biyu kuma akwai maza da dama da ba sa bambance ja da kore sosai, su allonka kusan babu rubutu a kansa.

Yanzu maganar abokinka. Rabinta gaskiya ce, rabin kuma tatsuniya ce mai tsohon tarihi.

Gaskiyar ita ce eh, ana saka abubuwa a logo da ba kowa ke gani da farko ba. Wanda aka fi kawowa shi ne na FedEx, kamfanin aika kaya, da Lindon Leader ya zana a 1994, duba farin filin da ke tsakanin E da x za ka ga kibiya tana kallon dama, kuma ba sa'a aka ci ba, sai da ya haɗa siffofin salon haruffa biyu ya gyara su kafin kibiyar ta fito. Abin da ya fi burge ni shi ne a logonsu na Larabci kibiyar hagu take kallo, tunda mai karatun Larabci daga dama yake farawa, gaba a wurinsa hagu ne. Na Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, kibiyar da ke ƙasa ta tashi daga a ta sauka a z, wai komai akwai, kuma ta yi siffar murmushi. Dabbar panda ta logon ƙungiyar kare namun daji ta WWF in ka duba da kyau babu layin da ya zana saman kanta da bayanta, baƙaƙen faci ne kawai, ƙwaƙwalwarka ce ke ƙarasa zanen. Masana halayyar ɗan adam na Jamus irin su Max Wertheimer tun wajen 1912 suke nazarin wannan, cewa ido ba ya ganin gutsi-gutsi, haɗa su yake ya yi abu guda, wani ɗan Italiya Gaetano Kanizsa kuma a 1955 ya nuna da'irori uku baƙaƙe da aka yanke wa baki, kowa ya kalla sai ya ga farin alwatika a tsakiya har da gefuna, alhali ba wanda ya zana shi. To amma ka lura, wannan ba ɓoyewa ba ne don a cuce ka, so suke ka gano, don ranar da ka gano kibiyar FedEx ba za ka ƙara daina ganinta ba kuma sai ka nuna wa wani, talla kyauta kenan.

Tatsuniyar kuma daga wani Ba'amurke James Vicary ta samo asali. A 1957 ya ce ya yi gwaji a wani gidan sinima a Fort Lee ta jihar New Jersey, yana walƙa rubutun a sha Coca-Cola a ci gugguru a kan allo da saurin da ido ba zai kama ba, wai ciniki ya tashi sosai. Hankalin mutane ya tashi, jaridu suka ɗauka. Aka ce ya maimaita a gaban mutane abin bai yi ba, gidan talabijin na CBC a Kanada suka gwada nasu a 1958 suna walƙa saƙon a buga waya yanzu, ba a ga ƙarin kira ba, a 1962 shi da bakinsa ya amsa cewa ba wani binciken kirki da ya yi, kamfaninsa ne ke neman durƙushewa. Amma labarin ya riga ya fita, ga shi sama da shekara sittin har ya iso wurin abokinka.

Abin da ke aiki a kanka da gaske ba a ɓoye yake ba, a gabanka yake tsirara. Maimaici ne na farko. Robert Zajonc ya nuna a 1968 cewa yawan ganin abu kawai yana sa mutum ya fi sonsa, ko da abin ba shi da ma'ana. Kai da ke harkar waya ka fi ni sani, ruwan ɗorawar MTN a laimar mai kati, a bangon shago, a kiyos, a riga, har ta kai in ka hango kalar daga nesa ka san ko su waye kafin ka karanta komai, haka jan Airtel da koren Glo. Babu asiri a ciki, kala ɗaya suka riƙe ba su sake ta ba. Wannan shi ne darasin da masu ƙananan shaguna suka fi ƙin ji, yau allo shuɗi, gobe leda ja, jibi sitika kore, sannan a ce mutane ba sa gane shagon.

Na biyu wasa da girma. Ido yana ƙara wa tsayi a kan faɗi, akwai wata ƙatuwar baka ta ƙarfe a birnin St. Louis na Amurka da tsayinta da faɗinta duk mita 192 ne, amma duk wanda ya ga hotonta zai rantse ta fi tsayi. Shi ya sa doguwar kwalba siririya take kama da ta fi gajeriya mai ƙiba yawa ko da abin ciki ɗaya ne, masu turare da man shafawa da lemo sun san wannan sarai, maganinsa kawai ka karanta mililita nawa aka rubuta. Haka abinci a ƙaramin faranti ya fi kama da mai yawa. Agogo kuma duba tallarsa, kusan kullum yana kan goma da minti goma, don hannayen su rungume sunan kamfanin da ke sama ba su rufe shi ba, fuskar kuma ta yi kamar tana murmushi. Wannan wayo ne, amma wayon kasuwa ne da ake gani, ba juya ƙwaƙwalwa ba.

To ina ake cutar? Ga inda ya kamata ka sa rular taka da idonka. Na ɗaya a tabbatar logon nasa ne, da yawa daga intanet suke saukewa su canza suna, sa hoton a binciken hoto na Google ka gani ko wani shagon a wata ƙasa yana da irinsa sak. Sannan ka karɓi ainihin fayil ɗin, na CorelDraw ko PDF ko SVG wanda ake ƙara wa girma ba ya fashewa, ba hoton da ya turo maka ta WhatsApp ba, don WhatsApp matse hoto yake, ranar da ka kai shi a buga maka babban allo sai ka ga gefunan haruffa sun yi tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto, kuma in yaron ya canza lamba shikenan sai ka sake biyan wani. Wajen bugawa ka tsaya a kansu kar su ja logon ta gefe don ya cika allo, wannan ita ce ɓarnar da ta fi yawa a garuruwanmu, duk gyaran idon da na lissafa a sama jan nan ɗaya yake rusa shi, da'ira ta koma ƙwai, layin tsaye ya yi ƙato na kwance ya sirance.

Gwada shi ƙarami kuma, sa shi a hoton furofayil na WhatsApp ka ga ko da'irar ta yanke wani abu, ka ga ko ana gane shi a jerin sunaye inda bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Buga shi baƙi da fari a takarda don rasit da hatimi ba su san kala ba. Manna takardar a bango ka ja baya ka ɗan runtse ido har rubutun ya dushe, abin da ya rage a idonka shi ne abin da mai wucewa zai gani. Ga tsayin haruffan allo, ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce inci 1 ga kowace ƙafa 10 ta nisan mai karatu in ana so a karanta cikin sauƙi, to auna daga ƙofar shagonka zuwa tsallaken titi ka yi lissafi, za ka ga dalilin da ya sa lambar waya uku da jerin duk abin da kake sayarwa ba za su shiga allo ɗaya ba.

In kuma akwai ƙ ko ɗ ko ɓ a sunan shagon ko a rubutun ƙasa, zuƙo wurin ka duba da kyau. Salon haruffa da yawa ba su da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, sai kwamfuta ta aro harafin daga wani salon daban ba tare da ta faɗa ba, ka ga kalma duk mai kauri amma ƙ ɗinta siririya kamar baƙuwa, wani lokacin ma akwati ne zai fito a wurin bugawa. Ko dai ya zaɓi salon da ke da su, irin Noto Sans ko Andika, ko ya zana lanƙwasar da hannunsa daga k ɗin salon da kaurin da ya dace, sannan ya mayar da rubutun gaba ɗaya zane kafin ya kai wa mai firinta, yadda ko kwamfutar can ba ta da salon ba abin da zai canza.